Wa zai ƙirga Hausawan Khartum bayan yaƙi?

Tun ranar 21 ga Maris 2025 da sojojin Sudan suka ƙwace fadar shugaban ƙasa daga hannun dakarun RSF, suka kuma fatattake su daga sauran jihar Khartum cikin watanni biyun da suka biyo baya, mutane ke ta komawa gidajensu. Hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kafin shekarar ta ƙare fiye da mutum miliyan ɗaya sun koma. A cikinsu akwai makanikai da masu walda da kafintoci da masu sayar da kayan gyaran mota, da matan da ke dafa musu shayi, da masu agashe na bakin titi, wato mutanen Mantiƙa Sinaiya. Da yawa sun tarar an kwashe injuna, an ɓalle ƙofofi, an tone wayoyin lantarki saboda jan ƙarfen da ke cikinsu.

Mutum nawa ne Hausawa a cikin masu komowar nan? Nawa suka rasu, nawa suka maƙale a Gadarif da Kasala da Bur Sudan, nawa suka tsallaka Masar ko Chadi? Gareji nawa aka sake buɗewa, kuma da jarin wa? Babu mai amsar da za a dogara da ita. Gwamnati ba ta da ita, shugabannin Hausawa ba su da ita, jami'a ma ba ta da ita.

Ga mai karatu da ke Maradi ko Kumasi ko Garwa, Mantiƙa Sinaiya kalmar Larabci ce da ke nufin unguwar masana'antu. Kowane ɗaya daga cikin garuruwa ukun da suka haɗu suka zama babban birnin Sudan yana da tasa: akwai ta Khartum, akwai ta Omdurman, akwai ta Bahri wadda ta fi su manyan kamfanoni. Ta Khartum tana da daɗaɗɗiyar alaƙa da mutanen Yamma. A gefenta ne unguwar Ishash Fallata ta yi shekaru masu yawa, inda Hausawa da Fulani da Barebari suka zauna suna ƙwadago da ƙananan sana'o'i, har farkon shekarun 1990 da hukuma ta tashe su ta mayar da su kudancin birni. An tashi gidajen, amma wurin neman abinci bai tashi ba.

Tambayoyin da aka jero a sama ba na ɗan jarida ba ne, ba kuma na ɗan siyasa ba. Aikin mutum uku ne: masanin ƙidayar jama'a, da masanin ci-gaban tattalin arziki, da masanin tarihin tattalin arziki. Ba a samun ko ɗaya daga cikinsu da digiri na farko. Sai an yi digiri na biyu, wani lokaci har na uku, an koyi yadda ake zaɓar gidajen da za a yi wa tambaya, da yadda ake karanta tsohuwar takardar haraji, da yadda ake gane lissafin da aka yi wa kumbura. Wuraren da ake koyar da wannan a Khartum na cikin waɗanda yaƙi ya durƙusar, kuma fannoni ne da Hausawa, na Sudan da na wajenta, suka daɗe ba su ba su muhimmanci ba.

Ƙidayar da ta tsaya a 2008

Sudan ta yi ƙidayar jama'a sau biyar: 1955 zuwa 1956, sai 1973, 1983, 1993 da 2008. Ta farkon ta sami mutum miliyan 10 da dubu 260 da 'yan kai, kuma ta tambayi kowa ƙabilarsa da harshen da yake yi a gida. Ta 2008 ta sami miliyan 39 da ɗoriya, har da Kudancin Sudan da ya ɓalle a 2011, kuma ta ba jihar Khartum miliyan 5 da dubu 270. Amma an cire tambayar ƙabila da ta addini daga takardar, abin da ya jawo gardama mai zafi a lokacin. Daga nan ba a sake ƙidaya ba. An sha sa rana ana ɗagawa, har yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023.

Saboda haka duk adadin da aka ji ana kira wa Hausawan Sudan, ƙiyasi ne. Lokacin rikicin 2022 kafafen labarai sun riƙa cewa miliyan uku. A wuraren taro da shafukan Facebook akan ji adadin da ya ninka wannan. Babu wanda ya fito daga ƙidaya. Sunan ma kansa matsala ne, don a bakin mutanen Sudan kalmar Fallata ko Takari takan haɗe Bahaushe da Bafulatani da Babarbare da duk wanda kakanninsa suka fito daga Yamma, ko da shi kansa Larabci kaɗai yake ji. Wanda zai ƙirga, sai ya fara yanke shawarar wa yake ƙirgawa: mai jin harshen, ko mai asali, ko wanda ya yarda a kira shi da sunan. Wannan shawara ita ce rabin ilimin ƙidaya.

Kada wani ya ɗauka ciwon Sudan ne kaɗai. Nijeriya ba ta yi ƙidaya ba tun 2006, kuma ita ma a wancan karo ba ta tambayi ƙabila ko addini ba. Nijar da lissafin 2012 ta daɗe tana aiki. Bambancin shi ne Bahaushen Kano ko na Damagaram ba ya bukatar takarda kafin a yarda ɗan ƙasa ne.

Na Sudan kuwa ya daɗe yana bukata, kuma a nan ne tarihi ke shigowa. Dokar jinsiya ta 1957 ta ce ɗan ƙasa na asali shi ne wanda shi ko kakanninsa ta wajen uba suke zaune a Sudan tun 31 ga Disamba 1897, wato kafin Turawan Ingila su ci Omdurman a 1898. A duba wannan rana da kyau. Mutanen Yamma sun yi ɗaruruwan shekaru suna ratsa Darfur da Sinnar zuwa Suwakin a hanyar hajji, wasu suna tsayawa su yi gida. Amma babbar hijirar ta zo ne bayan Turawa sun ci Sakkwato, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi cikin 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas har suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogi kusa da Sinnar a 1906. Shekara tara kacal tsakanin ranar da doka ta sa da ranar da aka kafa garin, amma waɗannan shekaru tara sun bar zuriya bayan zuriya a bakin ƙofa. Daga baya an sassauta, har dokar 1994 ta mayar da ranar zuwa 1 ga Janairu 1956. Sai dai abin da ke rubuce a doka daban, abin da ma'aikacin ofis ke nema daga mutum mai suna irin na Yamma daban: shaidu, takardar uba, takardar kaka.

Yaƙi ya ƙara wa takarda daraja. Lokacin da aka canja takardun kuɗi na fam 500 da 1,000 a Disamba 2024 a jihohin da ke hannun soja, an tilasta wa mutane zuba tsofaffin kuɗinsu a asusun banki, kuma asusu ba ya buɗuwa sai da shaidar ɗan ƙasa. Ciniki ya koma kan manhajar Bankak. A Khartum hukumomi sun shiga rusa unguwannin da ba su da izini da kwashe waɗanda suke kira baƙi. Makanikin da aka haifa a Ishash Fallata, aka haifi ubansa a Madani, in ba shi da raƙam waɗani, wato lambar ɗan ƙasa, to a idon mai tsaron shinge zai iya zama baƙo. Mutum nawa ke cikin wannan hali a unguwannin kudancin Khartum? Ɗalibin digiri na biyu ɗaya mai horo, da 'yan taimako goma, zai iya kawo amsa mai ma'ana cikin wata shida. Har yau ana jiran sa.

Wa ya rubuta tarihin ƙwadagon?

An kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, waɗanda suka riƙe tattalin arzikin Sudan fiye da rabin ƙarni. Auduga tana son hannu, musamman lokacin tsinka, kuma Turawa sun ga mahajjatan Yamma masu neman guzuri sun dace da aikin. Da farashin auduga ya faɗi a farkon shekarun 1930 wasu manoma suka watsar da hawasha, wato gonar da hukumar shirin ke ba mutum, an ba mutanen Yamma wasu daga ciki. Da aka fara tantance ɗan ƙasa daga ƙarshen shekarun 1940, ƙofar ta ƙuntata. Da yawa suka koma 'yan ƙwadago da masu noman raba-daidai, suna zaune a kanabi, ƙauyukan leburori da ke gefen gonaki, ba fili nasu, sau da yawa ba makaranta ba asibiti. Wasu suka nufi noman dawa da riɗi a Gadarif, wasu kamun kifi da lambu a bakin kogi, wasu dako a tashar jiragen ruwa, wasu kuma birni.

An san wannan labari ne saboda wasu sun zauna sun bincika, kuma galibi bincikensu na neman digirin digirgir ne. Umar al-Naƙar, masanin tarihi ɗan Sudan, ya fitar da littafi kan al'adar hajjin Afirka ta Yamma a 1972. J. S. Birks ya bi hanyar mahajjata ta ƙasa ya wallafa nasa a 1978. Mark Duffield ya zauna a Mai Wurno, littafinsa kan jari-hujja da rayuwar karkara a garin ya fito a 1981. Jay O'Brien ya nuna yadda kasuwar ƙwadagon gona da kanta take ƙera sunan ƙabila ta liƙa wa mutane. Bawa Yamba, ɗan asalin Ghana, ya yi aiki a Jazira, a 1995 ya fitar da Permanent Pilgrims, kan mutanen da suka yi zuriya a Sudan amma suna kiran kansu matafiya zuwa Makka. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum ya yi nazarin yadda Hausar Sudan ke cuɗanya da Larabci a littafinsa na 1999.

Aiki ne mai kyau, amma akwai abu biyu da ke damun mai lura. Yawancin abin da ya shafi tattalin arziki an tattara shi ne a shekarun 1970 da 1980, kafin man fetur, kafin zinariya, kafin ɓallewar Kudu da ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man ƙasar, kafin hauhawar farashin da ta haura kashi 400 cikin ɗari a tsakiyar 2021. Na biyu, kusan duka karkara suka kalla. Bahaushen birni, wanda ya shiga gareji yana yaron shago ya fito da nasa, wanda jarinsa daga adashi ya fito ba daga banki ba, wanda matarsa ke riƙe da rabin cefanen gida da abincin sayarwa, ba a rubuta shi yadda ya kamata ba. Kuma littattafan da aka ambata da Turanci suke, wasu ba a ma samunsu a Khartum tun kafin yaƙi. Jikokin mutanen da aka rubuta ba su karanta su ba.

Ranar da aka bukaci wannan ilimi ta zo a Yuli 2022, a jihar Nil Azraƙ wadda kafafen labarai ke kira Blue Nile. Hausawa sun nemi a ba su masarauta a cikin tsarin sarakunan gargajiya, wasu al'ummomin yankin suka ƙi, bisa hujjar cewa sarauta tana tafiya da mallakar ƙasa, ƙasa kuma tasu ce. Aka kashe fiye da mutum ɗari a Yuli. A Oktoba aka sake kashe wajen ɗari biyu a yankin Wad al-Mahi. Dubban iyalai suka gudu. Hausawa suka fito zanga-zanga a Khartum da Kasala da Gadarif da Bur Sudan. A duk tsawon gardamar, kowane ɓangare yana jefa tarihi kamar dutse: wannan ya ce kun zo jiya, wancan ya ce mun fi shekara ɗari. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutumin da zai ajiye takardu a tebur, ya ce ga shekarar da aka kafa wannan ƙauye, ga wanda ya ba da filin da sharaɗin da aka gindaya, ga abin da ɗaga madatsar Rusairis ya yi wa gonakin bakin kogi da ƙauyukan da aka tayar. Takarda ba ta hana mai bindiga harbi. Amma a zaman sulhu, wanda ya zo da ita ba ɗaya yake da wanda ya zo da rantsuwa kawai ba.

Makarantun da yaƙi ya ratsa

Abin takaicin shi ne Khartum ba ta rasa inda ake koyon wannan aiki ba. Jami'ar Khartum, wadda ta samo asali daga Kwalejin Gordon ta 1902 ta zama cikakkiyar jami'a a 1956, ta kafa Cibiyar Nazarin Afirka da Asiya a 1972 ƙarƙashin Farfesa Yusuf Fadl Hasan, inda har Hausa ake koyarwa. A 1976 ta buɗe cibiyar nazarin ci-gaba, wadda ke ba da babbar difloma da digiri na biyu a tsare-tsaren raya ƙasa. Lokacin ya dace, don a shekarun ne gwamnatin Numairi ke mafarkin mayar da Sudan rumbun abincin ƙasashen Larabawa, aka ciwo bashi, mafarkin ya rushe, a 1978 ƙasar ta shiga hannun Asusun Ba da Lamuni na Duniya tun kafin Nijeriya da Nijar su ɗanɗana irin wannan magani. Masana irin su Ali Abdel Gadir Ali sun yi suna ne wajen fayyace abin da tsarin ya yi wa talaka. Abdalla Hamdok da Ibrahim Elbadawi, firaminista da ministan kuɗi na gwamnatin riƙon ƙwarya ta 2019, dukansu a Jami'ar Khartum suka fara kafin su tafi waje neman digirin digirgir. A Madani kuma Jami'ar Jazira tana da cibiyar nazarin yawan jama'a. Ga Darul Wasa'iƙ, gidan adana takardun ƙasa, da ke cike da rahotannin hakiman Turawa da takardun zamanin Mahadi.

Tun a watannin farko na yaƙi ma'aikatar ilimi mai zurfi ta ce fiye da jami'o'i da kwalejoji ɗari sun lalace ko an wawashe su. A Mayu 2023 wuta ta cinye ɗakin karatu na Cibiyar Muhammad Umar Bashir da ke Jami'ar Ahliya ta Omdurman, ɗaya daga cikin manyan rumbunan takardun nazarin Sudan. Harabar Jami'ar Khartum tana tsakiyar fagen daga, ba nisa da fadar shugaban ƙasa da hedikwatar soja. Madani ta faɗa hannun RSF a Disamba 2023, ba ta dawo ba sai Janairu 2025. Malamai suka watsu zuwa Alƙahira da Riyad da Kampala da sauran wurare, albashinsu ya narke.

Jami'o'in sun yi ƙoƙarin ci gaba ta intanet, suna shirya jarrabawa a garuruwan da ke zaman lafiya da ƙasashen maƙwabta. Ga ɗalibin digiri na farko, lacca a waya ta fi babu. Digiri na biyu kuwa ba lacca ba ne. Yana bukatar malami mai duba aiki babi bayan babi, da ɗakin takardu, da fita unguwa ana ƙwanƙwasa ƙofa. A garin da riƙe takarda da biro ana tambayar mutane yawan 'ya'yansu zai iya sa a ce kai ɗan leƙen asiri ne, wa zai fita? Za a iya sake gina aji cikin shekara ɗaya in da kuɗi. Malamin da ya sami aiki a Saudiyya, ya sa 'ya'yansa a makaranta can, dawowarsa sai an yi da gaske.

Wani abin da ya rage a hannu shi ne abin da ke ajiye a waje. Jami'ar Durham ta Ingila tana da rumbun takardun Sudan tun 1957, kuma shirin Sudan Memory ya ɗauki hoton takardu da yawa kafin yaƙi. Wato ɗan Mantiƙa Sinaiya da ke son sanin yadda aka ba kakansa aiki a Jazira, zai fi saurin samu ta hanyar biza ko intanet mai ƙarfi, abubuwa biyun da ya fi rasa.

Laifin da ba na yaƙi ba

Ba duka za a ɗora wa yaƙi ba. Shekara da shekaru iyaye daga Kano da Sakkwato da Damagaram da Njamena suna tura 'ya'yansu Khartum, musamman Jami'ar Afirka ta Duniya, wadda ta fara a matsayin cibiyar Musulunci a 1977 ta zama jami'a a 1992, da Jami'ar Musulunci ta Omdurman da kwalejojin kuɗi. Yawansu ya bayyana a Afrilu da Mayu 2023, lokacin da aka riƙa kwasar dubbai a motoci zuwa iyakar Masar da Bur Sudan. Likitanci suka je yi, da harhaɗa magunguna, da shari'a, da Larabci. Babu laifi, waɗannan karatu ne masu kawo abinci da daraja. Amma ɗalibi ya yi shekara shida a Khartum, ya ci agashe a hannun Bahaushen da kakansa ya taso daga Haɗeja da ƙafa, ya koma gida da kwalin likita, bai taɓa tunanin wannan mutumin abin nazari ba ne. Su ma Hausawan Sudan da Allah ya ba damar shiga jami'a, uban da ya sha wuya a gareji ba zai ji daɗi ba in ɗansa ya ce zai karanta ƙidayar jama'a. Zai tambaye shi, a ina ake cin abinci da ita?

Tambayar tana da amsa. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa, ma'aikatar kuɗi, bankuna, hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin agaji, duk masu wannan ilimi suke ɗauka, kuma bayan yaƙi za su fi bukatar su. Wanda ya zauna a waɗannan kujeru shi ke yanke inda za a haƙa rijiya da unguwar da za a sa a taswira.

Akwai masu ganin ƙirga mutane da sunan ƙabila a Sudan ta yau wasa da wuta ne, kuma ba su yi ƙarya ba. A Janairu 2025, lokacin da soja ke karɓe Madani, an kai wa mazauna kanabi hari bisa zargin sun goyi bayan RSF. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe aƙalla mutum 26 a Kambo Tayba. A Darfur kuwa RSF da mayaƙan da ke tare da ita sun kashe mutane saboda ƙabilarsu. Jerin sunaye da adireshi a hannun mugu makami ne. To amma wannan hujja ce ta neman mai horo, wanda ya san yadda ake ɓoye sunan wanda aka tambaya, ya san cewa ba dole sai an rubuta ƙabila ba. Ana iya nazarin unguwa, ko sana'a, ko masu takarda da marasa ita, Bahaushe da Banube da ɗan Darfur duk a haɗe, tunda a gareji ɗaya suke. Akwai kuma haɗarin da ba a so a faɗa: mai bincike na gaskiya zai iya dawowa da adadin da ya gaza wanda ake kira a dandalin taro. Al'ummar da ke son masana sai ta shirya jin abin da ba ta so.

Ina za a je a koya, tunda Khartum na jinya? Nahiyar tana da wuraren da aka kafa musamman don haka. Akwai IFORD a Yawunde, da ke horar da masana ƙidaya na ƙasashe masu Faransanci, Nijar da Chadi da Kamaru na ciki, ana shiga ta gasar jarrabawa a yi shekara biyu. Akwai RIPS a Jami'ar Ghana da ke Legon ga masu Turanci. Akwai cibiyar ƙidaya ta Alƙahira, wadda ta fi kusa da dubban ɗaruruwan 'yan Sudan da ke gudun hijira a Masar. Akwai IDEP a Dakar ta tsare-tsaren tattalin arziki. A fannin tarihi kuwa, Zariya ce ta fitar da Mahdi Adamu, wanda littafinsa na 1978 ya bi sawun fatake da malaman Hausawa a Afirka ta Yamma, ga Gidan Arewa a Kaduna, ga LASDEL a Yamai da ta ƙware a binciken zama cikin jama'a.

Shingen shi ne harshe. Tun 1990 gwamnatin al-Bashir ta mayar da yawancin karatun jami'a zuwa Larabci. Wanda ya gama tattalin arziki a Omdurman da Larabci ya yi, Yawunde na son Faransanci, Legon da Zariya na son Turanci. Bahaushen Khartum da na Maradi da na Kano za su zauna su yi hira har dare da harshen iyayensu, amma ba wanda zai iya karanta kundin ɗan'uwansa. Littafin Emmanuel Grégoire na 1986 kan Alhazan Maradi, wanda ya nuna yadda 'yan kasuwar gari ɗaya suka tara jari da amana da barantaka, shi ne irin aikin da Mantiƙa Sinaiya ke bukata, amma da wuya a sami ɗalibi a Khartum da ya taɓa jin sunansa.

Wannan shinge ba dutse ba ne. Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar tana koyarwa da Larabci tun 1986, Jami'ar Sarki Faisal ta Njamena ma haka. Jami'ar Bayero da ta Usmanu Ɗanfodiyo cike suke da malaman da suka yi karatu a Sudan, sun san tsarin takardunta, suna jin Larabcinta. Shekara ɗaya ta koyon harshe da lissafin ƙididdiga, sai shekara biyu na digiri, ga ɗalibai biyar ko goma a kowace shekara, kuɗinsa bai kai abin da attajiri ɗaya ke kashewa a kujerun Umra na azumi ba. Abin da ya fi kuɗi wuya shi ne ofishin jami'a ya yarda ya karɓi ɗalibin da takardunsa suka ƙone, ko jami'arsa ba ta iya aiko da sakamakonsa ba. Da yawa daga cikin ɗaliban Nijeriya da aka kwaso a 2023 sun sha wannan wahala a ƙasarsu ta haihuwa, balle wanda fasfonsa na Sudan ne.

Wasu ayyukan ba sa ma jira. Dattawan da aka tasa daga Ishash Fallata suna da ƙuruciya yanzu sun haura sittin da saba'in, yaƙi ya warwatsa su, magani ya yi musu wuya. Su ne suka san wa ya fara buɗe gareji, wa ya koya wa wa, yadda aka raba filaye a sabuwar unguwa, da wanda aka hana. Ba a rubuce yake a Durham ba. Wayar hannu da ɗalibi mai jin Hausa da Larabci sun isa a fara ɗauka.

Ƙidaya ta shida za ta zo, ko ba daɗe ko ba jima, don babu mai ba da bashin sake gina ƙasa ba tare da lissafi ba, kuma ba a raba mazaɓu sai da ita. Tun kafin malaman ƙidaya su fita, wani ƙaramin kwamiti na ƙwararru ne zai zauna ya tsara tambayoyin, ya zana taswirar unguwanni, ya yanke ko kanabi da gidajen da ba su da izini za su shiga a matsayin mazauna ko a'a, da yadda za a rubuta mutumin da ba shi da lambar ɗan ƙasa. Ba a shiga wannan kwamiti da yawan jama'a ko da rawani. Takardar digiri na biyu a ƙidaya ko ƙididdiga ake nema, da 'yan shekarun aiki a kanta. Wanda ya fara karatun bana zai gama nan da shekara biyu, uku in da koyon harshe.